Taƙaitaccen Tarihin Dabarun Koyar da Fasahar Bidiyo a Manyan Makarantu

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda dabarun koyar da fasahar bidiyo suka sauya tun daga bayyanarta. Abin nufi da fasahar bidiyo a nan shi ne sarrafa hoto mai motsi domin baje shi a zauren nune-nune, saɓanin fim mai labari irin na kasuwa.

2.0 Zangon Ƙera Na'ura

Masana da dama na danganta tushen fannin da nunin da Nam June Paik, haifaffen Koriya, ya yi a Wuppertal ta Jamus a 1963, inda ya jirkita hotunan akwatunan talabijin. Da yake kayan aikin gidajen talabijin sun fi ƙarfin makarantun zane, sai malaman farko suka mayar da aji tamkar maƙera. Misali, tsakanin 1971 da 1973 Dan Sandin na Jami'ar Illinois da ke Chicago ya ƙera na'urar sarrafa hoto, ya kuma raba taswirarta kyauta domin duk mai so ya haɗa tasa. Ɗalibi ya kan fahimci hoto ne ta hanyar sanin cikin na'urar da ke haifar da shi.

3.0 Zangon Taskancewa da Nazari

A 1973 Gerald O'Grady ya kafa cibiyar nazarin kafafen sadarwa a Jami'ar Jihar New York da ke Buffalo, inda aka gwama aikin hannu da ra'i. A 1976 kuwa aka buɗe taskar Video Data Bank a Chicago, wadda ta ba ɗalibai damar kallon ayyukan magabata da yi musu tarke.

4.0 Zangon Kwamfuta

Daga shekarun 1990, kwamfuta ta sauƙaƙa tace hoto, daga bisani wayar salula ta sanya kyamara a hannun kowa. Saboda haka nauyin koyarwa ya karkata zuwa ga bincike, da tsara wurin nuni, da tattauna aikin ɗalibi a gaban 'yan ajinsu.

5.0 Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa duk lokacin da na'ura ta yi araha, aikin malami ya kan ƙaura daga horar da hannu zuwa horar da tunani. Tun da tarke da harshe ake yin sa, ya zama wajibi masana harsunanmu su samar da keɓaɓɓun kalmomin wannan fanni.