Yadda kiran bidiyo ya koma bin ƙofa ta 443

A watan Mayun 2011 kamfanin Google ya saki fasahar WebRTC kyauta ga kowa, shekara guda bayan ya sayi Global IP Solutions, kamfanin da ya ƙware wajen aika murya ta intanet. Mu da muke cikin harkar mun yi murna ƙwarai. Kafin lokacin, mai son taron bidiyo a ofis sau da yawa sai ya sayi na'urar H.323 mai ɗan karen tsada, ko ya girka Flash a burauzarsa. Alkawarin sabuwar fasahar shi ne burauza biyu su yi magana kai tsaye, babu ɗan aike a tsakani. A Fabrairun 2013 Chrome da Firefox suka kira juna, aka ga hoto, aka ji murya.

A gidaje abin ya yi kyau. Da muka kai shi bankuna da asibitoci da manyan kamfanoni, sai ƙorafi ya fara zuwa, kusan duk iri ɗaya: "Ina ganin sunansa ya shigo, amma allon baƙi ne, kuma ba na jin komai." Dalilin a fili yake ga wanda ya san cikin abin. Saƙon buɗe kira yana bin hanyar da shafukan intanet suke bi, don haka yana wucewa lafiya. Murya da hoto kuwa ta UDP suke tafiya, ta ƙofofin da burauza ke zaɓa a take, katangar tsaron ofis kuma ta toshe su gaba ɗaya.

Ba mu rasa kayan aiki ba. Tun 2003 Jonathan Rosenberg da abokan aikinsa a IETF suka fitar da STUN, wanda ke gaya wa kwamfutar da ke ɓoye bayan NAT adireshin da duniya take ganinta da shi. A 2010 aka kammala ICE, mai gwada hanyoyi har ya dace da wadda take buɗe, tare da TURN, sabar da ke karɓar bidiyo daga wannan ta miƙa wa wancan in hanya kai tsaye ta gagara. Wato ɗan aiken da aka ce an sallama ya dawo, kuma kuɗin datar da yake ci mu ne muke biya. Da yawanmu coturn muka girka, manhajar da Oleg Moskalenko ya rubuta ya bayar kyauta, ban kuma taɓa ganin an gode masa yadda ya cancanta ba.

Sai dai ita ma ƙofar TURN, wato 3478, a kulle take a irin waɗannan wurare. Ƙofa ɗaya ce babu ofishin da zai iya rufewa, 443, domin ta nan HTTPS ke bi. Muka naɗe bidiyo cikin TLS, muka tura shi ta nan da kamannin shafin intanet. Ya wuce, amma da tsada. A TCP, in ƙunshi ɗaya ya ɓata, duk na bayansa sai sun tsaya an sake aiko shi, ga shi kuwa muryar da ta makara ba ta da sauran amfani. Nan ne asalin daskarewar fuska da kakkatsewar magana. Wasu ofisoshin ma suna da na'urar da ke warware TLS ta leƙa ciki, in ta tarar ba HTTP ba ne ta datse.

Shekaru muka yi muna ɗaukar mai kula da tsaron ofis a matsayin cikas, ni kuwa yanzu ina ganin hujjarsa ta fi tamu ƙarfi. Amanar bayanan marasa lafiya da asusun jama'a tana wuyansa. Mun zo muna so ya buɗe dubban ƙofofi ga adireshin da bai sani ba, domin zirga-zirgar da ba zai iya karantawa ba, tunda a taron IETF na Berlin a Yulin 2013 an tsayar da cewa ta DTLS burauza za su yi musayar makullan sirri. Wane mai hankali ne zai amince?

Abin da ya kawo sauƙi shi ne mun daina neman hanyar zagaye shi, muka rage abin da muke roƙo. Taron mutum goma dama ba ya yiwuwa kowa na aika wa kowa, don haka aka koma ga sabar tsakiya irin su Jitsi Videobridge da Janus, masu karɓar bidiyon kowa su rarraba. Da wannan sai buƙatar ta zama ƙarama: Jitsi na neman UDP 10000 kawai, Microsoft Teams na neman 3478 zuwa 3481, ga jerin adireshi a rubuce. Wannan takarda ce da mai tsaro zai iya dubawa ya sa hannu. Lokacin da korona ta kulle ofisoshi a 2020, wuraren da aka riga aka yi wannan sulhu ne suka fi samun sauƙi, kafin W3C ta amince da WebRTC a hukumance a Janairun 2021.