Tsohon Laifi da Sirrin Soja a Amurka

A shekarar 2000 Majalisar Dokokin Amurka ta hana Ma'aikatar Tsaro ba da izinin ganin sirrin ƙasa ga wanda kotu ta taɓa yanke wa ɗaurin fiye da shekara ɗaya, sai da sassauci na musamman. Dokar ba ta duba ko mutum ya kwana kurkuku ba. Don haka ta rutsa da dattawan da aka yi wa ɗaurin je-ka-gyara-halinka tun suna samari. A 2004 aka gyara, haramcin ya tsaya kan wanda ya zauna kurkuku shekara guda.

Ƙaramin laifi kuwa ana auna daɗewarsa da halin mai shi daga baya. Wanda ya ɓoye nasa a takardar SF-86, ɓoyewar ce takan kayar da shi, domin laifin ya tsufa, ƙaryar kuwa ta yau ce.