ASALIN KALMAR JABBA

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Shinkafi ran Alhamis, ko ya ga hawan salla a Zurmi ko Ƙauran Namoda, ya san jabba, rigar nan da malamai da sarakuna kan ɗora bisa tufafinsu. Amma kaɗan ne suka san irin nisan tafiyar da sunanta ya yi.

Kalmar ta Larabawa ce, su suna cewa jubba, watau doguwar riga mai buɗaɗɗen gaba. Ta iso ƙasar Hausa tare da addini da fatauci, zamanin da ayarin raƙuma ke keto Sahara daga Tarabulus da Gadamas. A wurinmu wasali ɗaya kaɗai ya sauya, darajarta kuwa ba ta ragu ba.

To, ashe ba kudu kaɗai ta nufa ba. Musulmi sun shiga Andalus a shekarar 711, mulkinsu bai ƙare a can ba sai 1492, sun kuma fara cin tsibirin Sisili a 827. Mutanen waɗannan ƙasashe suka ari rigar har da sunanta. Sifaniyawa suka ce aljuba, suka haɗiye kalmar tare da "al" ɗinta, kamar yadda mu muka yi wa alkyabba da aljihu. Daga baya suka fitar da jubón, wata matsattsiyar riga da ke tsayawa a ƙugu. Italiyawa suka ce giubba, har ta zama sunan kwat ɗin soja.

Abin mamaki yana wajen Faransawa. Tun ƙarni na 12 suke cewa jupe, kuma da fari rigar maza ce. Sannu a hankali ɗinkin ya yi ta sakewa, sunan ya bar kafaɗa ya gangara ƙugu, har ya zamana wajen ƙarni na 17 ba abin da ake nufi da shi sai siket na mata. Madinka suka sāke rigar, baki kuwa ya ƙi sakin sunan.

Saboda haka in Bazamfare ya tsallaka iyaka zuwa Maraɗi sanye da jabba, ya ji 'yar makaranta tana gaya wa tela ya ɗinka mata jupe, kalma ɗaya ce suka haɗu a kai, ɗaya ta biyo Sahara, ɗaya ta kewayo ta Faransa.