Yadda Masana'antun Motar Amurka Suka Ƙare a Ƙofar Baitulmali

A tsakiyar watan Nuwamba na shekarar 2008 shugabannin manyan kamfanonin ƙera motoci uku na Amurka, wato Rick Wagoner na General Motors da Alan Mulally na Ford da Robert Nardelli na Chrysler, suka zauna a jere gaban 'yan majalisa a birnin Washington suna roƙon rancen dala biliyan 25, alhali kowannensu a jirgin saman kamfaninsa ya iso. Da wani ɗan majalisa ya ce wanda ya shigo jirgin haya a cikinsu ya ɗaga hannu, babu hannun da ya tashi. Suka koma hannu rabbana. Da suka komo a farkon Disamba, a mota suka yi tafiyar tun daga Detroit, cibiyar ƙera motocin ƙasar, buƙatar kuwa ta riga ta haura zuwa biliyan 34. Mai son sanin abin da ya kai ma'abota dukiya irin wannan ga riƙe ƙoƙon bara, da abin da ya hana hukumar da take alfahari da rashin tsoma hannu a kasuwa kau da kai daga gare su, lalle sai ya koma baya wajen shekara sittin.

A 1950, zamanin da Detroit take da mutum kusan miliyan 2, cikinsu har da baƙaƙen fata masu ɗimbin yawa waɗanda suka baro kudu domin aikin masana'anta, Walter Reuther, shugaban ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan mota ta UAW, ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da General Motors: ma'aikata sun lamunce ba za su tsaida aiki ba, kamfani kuwa ya ɗauki alkawarin fansho da taimakon kuɗin magani da ƙarin albashi gwargwadon tsadar rayuwa. Da wannan ne lebura mara takardar jami'a ya sami ikon mallakar gida da kai 'ya'yansa makaranta, kuma babu mai adalcin da zai raina wannan fa'ida. Sai dai nauyin tsufa da rashin lafiya, wanda a galibin ƙasashen Turai daula ce take ɗauka, a nan an aza shi a wuyan kamfani ne. Muddin kamfani yana sayar da kusan rabin motocin ƙasar, kayan ba su da nauyi. Amma yayin da na'ura ta rage yawan masu aiki, masu ritaya kuma suka riɓanya su, sai ya zama a wajen 2005 kuɗin magani kaɗai yana cin kimanin dala 1,500 a kan kowace motar da General Motors ya ƙera.

Girgiza ta farko ta zo ne daga wajen man fetur. Takunkumin mai na Larabawa a 1973, sa'an nan juyin juya halin Iran a 1979, suka sa Ba'amurke ya fara duban ƙananan motocin Japan marasa shan mai, har Chrysler ya kai gargara. Shugabansa Lee Iacocca ya yi ta safa da marwa a majalisa, sai a watan Janairu na 1980 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da hukuma ta tsaya wa kamfanin lamunin bashin dala biliyan 1.5, bisa sharaɗin ma'aikata da masu bin bashi su ma su yi sassauci. Kamfanin ya biya a 1983, shekaru kafin cikar wa'adi, har baitulmali ya ci riba. Tun daga nan kowane ɓangare ya sami hujjar riƙewa: masu goyon bayan ceton hukuma suna nuna Chrysler, masu inkari kuwa suna nuna dubun dubatar ma'aikatan da aka sallama duk da lamunin, suna kuma nuna kamfanin motoci British Leyland na Ingila, wanda hukuma ta karɓe a 1975, ya sha dukiyar jama'a mai yawa, ragowarsa kuma ta rushe a 2005.

Bayan haka mai ya yi arha, kamfanonin uku suka koma ga manyan motoci masu riba mai kauri, suka yi sake. A tsakiyar 2008 galan ɗin fetur ya wuce dala 4. A watan Satumba bankin Lehman Brothers ya karye, bashi ya ƙafe, alhali galibin Amurkawa da bashi suke sayen mota. Cinikin da yake wajen mota miliyan 16 a 2007 ya faɗo zuwa miliyan 10 da 'yan kai a 2009. Ford kaɗai ya sami abin dogara, domin tun a 2006 ya jinginar da kusan dukan abin da ya mallaka, har da shuɗin tambarinsa, ya ranto sama da dala biliyan 23.

Saɓanin da ya biyo baya mai tsanani ne, kuma hujjar masu ƙin ceto ba ta wasa ba ce. Sanata Richard Shelby na Alabama da ire-irensa suka ce wanda ya ɓata kasuwarsa da hannunsa ba shi da haƙƙi a kan harajin talakan da bai ci ribarsa ba, kuma in aka buɗe wannan ƙofa kowane babban kamfani zai riƙa yin ganganci yana mai sakankancewa za a tare shi. Ɗan siyasa Mitt Romney ya rubuta maƙala a jaridar New York Times yana neman a bar kamfanonin su bi ta kotun masu karayar arziki. Ya kamata dai a faɗa, jihohin kudu irin su Alabama da Tennessee su ne masaukin masana'antun Mercedes da Honda da Hyundai da Nissan, inda ƙungiyar ƙwadago ba ta da ƙarfi. Masu neman ceto kuwa suka ce mas'alar ta wuce kamfani uku, domin bayan kowane mai ɗaura taya a Michigan akwai mai yin gilashi da kujera da waya a Ohio da Indiana, da dillali, da mai abinci a bakin ƙofar masana'anta. Wata cibiyar binciken harkar motoci da take Ann Arbor ta ƙiyasta cewa rushewar ukun tana iya cinye ayyuka kusan miliyan 3 a shekara guda. A ganina hujjar da ta fi nauyi ita ce zaman Mulally a gaban majalisa: Ford bai karɓi wannan rance ba, amma ya roƙa wa kishiyoyinsa, saboda masu kawo musu sassan mota ɗaya ne, in suka faɗi shi ma layinsa zai tsaya. Ga shi kuma a wancan hunturu babu bankin da zai ranta wa kamfanin da yake gaban kotu abin da zai ci gaba da aiki, don haka karaya a lokacin ma'anarta gwanjon injuna. Idan an auna mafsada biyu, ƙaramar ake ɗauka.

Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da rancen ranar 11 ga Disamban 2008. Ranar 19 ga wata Shugaba George W. Bush, wanda aƙidarsa ta siyasa ba ta son irin wannan, ya ware dala biliyan 17.4 daga asusun da aka tanada domin bankuna. Magajinsa Barack Obama ya ɗora da sharuɗɗa masu tsauri: aka sauke Wagoner, Chrysler ya shiga kotu ranar 30 ga Afrilun 2009 ya fito a hannun Fiat na Italiya, General Motors ya shiga ranar 1 ga Yuni ya fito cikin kwana 40, hukumar Amurka tana riƙe da kimanin kashi 61 cikin ɗari na hannun jarinsa. Jimillar abin da aka zuba ta kai wajen dala biliyan 80, aka dawo da galibinsa, asarar ta tsaya a kan biliyan 9 da wani abu, masu ƙiyasi kuma suka ce ayyuka fiye da miliyan guda sun tsira.

Amma wajibi ne a ambaci waɗanda ceton bai kai gare su ba. A garin Janesville na jihar Wisconsin, inda masana'antar General Motors ta kasance tun 1919, inda kaka da ɗa da jika suka bi ta ƙofa guda, motar Tahoe ta ƙarshe ta sauko daga layi ranar 23 ga Disamban 2008, kwana huɗu bayan sanarwar Bush, ma'aikata suna biye da ita suna ɗaukar hoto. Daga baya wasunsu suka koma aiki a wasu jihohi, ba su ganin iyalinsu sai ƙarshen mako. Aka kashe samfuran motocin Pontiac da Saturn na General Motors, Chrysler ya yanke hulɗa da dillalai 789. Ƙungiyar UAW ta ajiye 'yancin yajin aiki kan albashi a kamfanonin biyu har 2015, sabon ɗauka kuma a lokacin yana karɓar wajen dala 14 a awa a gefen tsohon hannu mai karɓar 28, aiki ɗaya, layi ɗaya. Ita kuwa Detroit, wadda mutanenta suka ragu zuwa kimanin 700,000, a watan Yuli na 2013 ta shiga kotun karayar arziki da bashin dala biliyan 18, watanni kaɗan kafin baitulmali ya sayar da ragowar hannun jarinsa a General Motors. Ba a buɗe mata wancan asusun ceto ba, sai aka rage fanshon tsofaffin ma'aikatanta.