Fijo 504 da Ciwon da Ba Ya Tsayawa a Gaban Likita

Wannan makon a bakin titin Wudil za mu tsaya.

Mu da muka tashi a nan, mun tarar da ƙarshen zamanin Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968. Kamfanin PAN ya soma harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, kuma 504 ba ta daina fitowa daga can ba sai wajen 2006, bayan Turai ta daɗe da sallamarta. Ita ce motar gwamnati, ita ce ta haya. Duk wadda ta taso daga Kano za ta Azare, Potiskum ko Maiduguri, sai ta haye gadar Wudil, shi ya sa garin bai rasa masu gyaranta ba.

Bakanike na iya jin ciwon inji da kunne. Wanda ya fi ba da wuya shi ne na wuta, mai zuwa ya tafi. Mota na cikin gudu sai ta mutu; a tura ta gaban mai wayarin, a murɗa makulli, ta tashi lafiya lau, direba ya zama kamar maƙaryaci. Wasu har aljanu suke ɗora wa laifin.

Dalilan kuwa a fili suke. Wutar filogin tsohuwar 504 ta kontak take bi, wasu 'yan ƙarafa biyu cikin distirbuta masu buɗewa da rufewa, tazararsu ba ta kai rabin milimita ba. Ƙurar hunturu ta shiga, ko bakinsu ya ƙone, wuta ta riƙa yankewa. Koyil da kwandensa idan sun tsufa sukan yi aiki da sanyin safiya, su gaza da zafin azahar, su farfaɗo bayan an huta a inuwa. Sai babban ɓarawon: wayar da ta haɗa batir da jikin mota. Tsatsa ta ci gindinta, rami ɗaya ya girgiza ta, komai ya ɗauke.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda tsofaffin masu wayarin ke kama shi. Kayan aikinsu ƙwan fitila ne da aka ɗaura wa waya biyu. Kafin su taɓa komai sai sun yi wa direba tambayoyi: da zafi ta mutu ko da sanyi? A kan gargada? Fitilu sun ɗauke tare da injin? Sannan a bar inji na aiki, a bi wayoyi ana girgiza su ɗaya bayan ɗaya har a kai ga wadda za ta sa shi tari. Mai gaggawa shi ke canja kaya uku a banza.

Mu kuwa a littattafanmu "mota ta lalace" kawai muke rubutawa, don jarumi ya haɗu da jaruma a hanya. Ba ma faɗin me ya lalace.

Yanzu Golf da Sharon sun karɓe tasha, sababbin motoci kuma na'ura ake jona musu ta faɗi ciwonsu. Waɗanda suka koyi aikin a kan 504 sun manyanta, kuma da baki suka koya. Ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, garejinsu kan cika. Mai son zama da su da biro da takarda, ya je ranar Asabar da hantsi.