Kasuwar da Ba Ta Tashi

Idan lalura ta taɓa fito da kai ƙarfe biyun dare a unguwarmu, ka san abin da za mu faɗa. An ɗauke wuta, layi ya yi tsit, mai shayi ma ya kife kofunansa, amma a bakin wani zaure sai ka hangi ɗan haske a fuskar wani matashi. Kasuwa yake ci. Yana kallon dala da yuro da fam suna hawa da sauka a gilashin waya, ja da kore, kuma yana iya kaiwa kiran assalatu a haka. Su suna ce wa abin foreks. Mu da muka girme su mun san sana'ar da sunanta na da, wato canji. Tunda kuwa sana'ar gida ce, ya kamata mu waiwaya mu ga yadda iyaye suka riƙe ta, da abin da ya faɗi a hanya.

Canji ya girmi Minnar da muke gani yau. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Wuri kuwa biyar-biyar ake ƙirga shi a ƙasa, a yi tsibi-tsibi, idan ya kai dubu ashirin a ɗure a keso. Aiki ne na ido da yatsa, ba ya yiwuwa sai da hasken rana. Rana ta faɗi, ƙirga ta tsaya, kowa ya nufi gida. Ba wanda ya kafa wannan doka, sana'ar ce ta zo da ita.

Dogo ne ya kawo yawancin kakanninmu garin nan. Layin jirgin da ya tashi daga Baro ya ratsa Minna ya isa Kano a 1911, na Ikko kuma ya zo ya haɗu da shi a nan. Sai fatake da 'yan goro da mahauta da leburori da malamai suka yi ta sauka a ƙasar Gwari, unguwanni irin tamu suka tsiro a kusa da tasha. A 1912 Turawa suka kafa hukumar buga kuɗi ta Afirka ta Yamma. Anini da kwabo mai huda da taro da sisi da sule suka ture wuri sannu a hankali, wanda ya tara keso-keso a ɗaka ya wayi gari da tarkace. A wancan zamani agogon ɗan kasuwa biyu ne, usur ɗin jirgi da kiran salla. Jirgi ya zo a ci kasuwa, jirgi ya tashi a naɗe tabarma.

Daga nan kuɗi ya yi ta sauya riga. Babban Bankin Najeriya ya fitar da kuɗinsa na farko a 1959. A Janairun 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka canza takardun fam. Ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta shigo, fam ɗaya naira biyu. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki ta canza launin kuɗi, aka ba jama'a ƙasa da mako biyu. Dattawanmu ba su manta da layin banki na lokacin ba. A Satumban 1986 gwamnatin Janar Babangida, ɗan garin nan, ta fara gwanjon kuɗin waje, dalar da a farkon shekarun 1980 ba ta kai naira ɗaya ba ta haura naira huɗu. A 1989 aka fara ba 'yan canji lasisi. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, masu hulɗa da Maraɗi da Kwatano suka ji a jikinsu.

To, a duba da kyau. Duk waɗannan manyan girgizar, babu wadda kwana ido biyu zai hana. A rediyo aka ji su, kowa lokaci guda. Waɗanda suka tsira da jarinsu su ne waɗanda ba su zuba komai a kuɗi iri ɗaya ba, ba su juya amanar mutane fiye da ƙarfinsu ba, kuma suna da littafin da suke rubuta shiga da fita. Ɗan canjin wancan lokaci, a Wapa ta Kano ne ko a nan gida, da hantsi yake fita. Benci, jaka, kalkuleta, shi ke nan kayan aikinsa. Farashi yakan zo daga bakin direban da ya taso daga Kano, ko ta wayar tangaraho sau ɗaya ko biyu a yini. Lokacin tafiyar alhazai a yi ta fama da masu neman guzuri, amma duk rintsi magariba na yi an kulle.

Wayar salula ta shigo a 2001, abin ya fara sauyawa. Da farko alheri ne, ka kira Wapa ko Zone 4 ta Abuja ka ji farashi kafin ka sayar. Da intanet da WhatsApp suka zo, sai farashi ya koma yana sauyawa a aljihunka kowane minti. Aka kai matsayin da shafi ɗaya, AbokiFX, kowa ke leƙawa, har Babban Banki ya zarge shi da wasa da farashi, shi kuma ya daina wallafawa a Satumban 2021. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta kusan taɓa naira 1,900 a kasuwar bayan fage a Fabrairun 2024, zuwa tsakiyar Afrilu kuma ta sauko wajen 1,100. Mun san waɗanda suka saya a sama saboda sun ga lamba tana gudu a waya zuciyarsu ta tsinke. Garin kallon ruwa kwaɗo ya yi musu ƙafa.

Wannan kenan ga mai canjin hannu. Na yaranmu ya fi haka zafi, domin kasuwarsu ta duniya ce. Tun da Amurka ta raba dala da zinariya a 1971, manyan kuɗaɗe suka koma farashinsu na yawo, har cinikin ya kai sama da dala tiriliyan bakwai a kowace rana a ƙididdigar 2022. Kasuwar tana buɗewa daren Lahadi a agogonmu, ba ta rufewa sai daren Juma'a. Tokiyo ta buɗe ƙarfe ɗayan dare, Landan ta karɓa da takwas ko tara na safe, Niyok ta shigo da ɗaya ko biyu na rana. Manyan bankuna suna da ma'aikata a kowane gari, wannan ya tashi wancan ya zauna. Yaronmu shi kaɗai ne da wayarsa, yana son ya yi aikin mutum uku. Kamfanin dillancin kuma yakan ba shi damar juya kuɗin da ya ninka jarinsa sau ɗari, saboda haka motsi kaɗan ya isa ya share komai. A 2018 hukumar da ke kula da kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta ce cikin ɗari, tsakanin 74 zuwa 89 na ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi. Can fa kenan, inda wuta ba ta ɗaukewa.

Akwai wani matashi a layinmu da ya sayar da babur ɗinsa ya shiga. Da bakinsa ya gaya mana cewa cinikin da yake yi da rana, da natsuwa, bai taɓa karya shi ba. Abin da ya cinye jarin shi ne na dare, ya yi asarar kaɗan, ya ce ba zai kwanta ba sai ya rama, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Ido ya yi ja, asuba ta wuce, uwargida ta gaji da magana da ƙeyarsa. Wata uku babu babur, babu jari.

Abin da iyayenmu suke da shi wanda waya ta ƙwace mana shi ne lokacin tashi. Tunda kasuwar ba za ta tashi ba, dole mutum ya yanka wa kansa. Sa'ar da Landan da Niyok suke buɗe tare, daga bayan azahar zuwa wajen ƙarfe biyar, ita ce ta fi ciniki, kuma da rana ta faɗo mana. Awa biyu ko uku a ciki sun wadatar. Kafin ka buɗe waya, rubuta a takarda abin da za ka saya, inda za ka fita, da iyakar asarar da za ka iya ɗauka a ranar. Idan ta cika, rufe, ko da kasuwa tana yi maka murmushi. A kashe ƙararrawar sanarwa, a bar waya a caji nesa da shimfiɗa bayan isha'i. Mai canjin hannu ma ya tsayar da lokutan duba farashi, da safe, da azahar, da la'asar, sauran lokacin ya dubi fuskar abokin cinikinsa. Kuma kafin a zuba kwabo, a je wurin malami a yi tambaya, domin malamanmu sun daɗe suna sharɗanta hannu da hannu a canji, kuma suna da magana a kan ciniki da kuɗin aro.

Mu iyaye ma da namu laifin. Yaro ya kawo cefane mun karɓa, ba mu tambayi ƙarfe nawa ya kwanta ba. Mu riƙa tambaya. Wanda ya ga ɗansa ko ƙanensa a zaure da tsakar dare, ya zauna kusa da shi ya ce, "Malam, nuna mini littafinka." Idan babu littafi, to akwai gyara.

Da yawanmu mun taso mun ga dattijon ɗan canji da in ladan ya kira magariba yake zuge jakarsa. Wani ya zo a guje da daloli a hannu yana cewa, "Baba, don Allah minti ɗaya." Sai ya dube shi ya ce, "Ɗana, Allah ya kai mu gobe." Washegari kuwa da hantsi yana nan a kan bencinsa, da jarinsa, da lafiyar idonsa.