Mashin Romawa da Maƙeran da Ke Sake Ƙera Shi a Yau

A ƙasashen Turai akwai ƙungiyoyin da ke sa sulke da kwalkwali irin na sojojin Romawa, su fito fili suna nuna wa mutane yadda aka yi yaƙi shekaru dubu biyu da suka wuce. Ɗaya daga cikin tsofaffinsu ita ce Ermine Street Guard da aka kafa a Ingila a 1972. A cikin kayan da suke ɗauka akwai mashin jifa da ake kira pilum, wanda har gobe ake gardama a kan yadda ya kamata a ƙera shi.

Tsawon mashin ya kai kamar mita 2. Ƙasansa itace ne, samansa kuma siririn ƙarfe mai tsawon kamar santimita 60, kaurinsa bai kai na ɗan yatsa ba, sai ɗan kai mai kusurwa huɗu a ƙarshe. Dabarar tana nan: kan ya fi wuyan kauri, don haka da zarar ya huda garkuwa sai wuyan ya zurma ta ramin ba tare da cijewa ba, ya je ya sami mutumin da ke bayanta.

Maƙerin yau yakan fara ne da duba waɗanda aka tono a ƙasa, kamar na Oberaden a Jamus, inda aka samu har da itacen jikinsu. Iri biyu ne. Akwai wanda ake faɗaɗa gindinsa a cusa cikin tsagar itace a buga masa ƙusa, akwai kuma wanda ake naɗe gindinsa ya zama kwaroro a zura ƙota. Sai a gasa sandar ƙarfe, a yi ta jan ta da masaba a kan uwar maƙera har wuyan ya sirance, a bar dunƙule a gaba a fitar masa da fuska huɗu, a gyara da magagari.

Matsalar tana wajen ƙarfen kansa. Romawa ba sa narka ƙarfe ya zama ruwa. Suna dafa tama ne da gawayi a murhu, kusan yadda maƙeranmu na da suke yi, su fito da curi mai cike da kashin maƙera, su yi ta duka har ya tsarkaka. Ƙarfen masana'anta na yanzu tsaf yake, ƙarfinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Ke nan ko da kamannin sun yi daidai, halin mashin in ya bugi garkuwa zai iya bambanta.

Nan ne gardamar take. Yuliyus Kaisar ya rubuta cewa a yaƙinsa da ƙabilar Helbeti a shekara ta 58 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mashi ɗaya kan ɗinke garkuwoyi da yawa, ƙarfen ya lanƙwashe ya ƙi fita, har da yawansu suka yar da garkuwa suka yi yaƙi jiki a buɗe. Fulutak kuma ya ce kwamanda Mariyus ya sa an canza ɗaya daga cikin ƙusoshi biyu da ta itace, don ta karye mashin ya karkace. Daga nan aka daɗe ana koyar da cewa da gangan aka yi shi don ya lanƙwashe. Amma masana irin su Mike Bishop na ganin huda aka yi shi dominta, lanƙwasa tana biyo baya ne kawai. Ni dai wannan ra'ayi ya fi kwanta mini, domin wuyan da ya cika laushi zai lanƙwashe tun bai ratsa garkuwar ba.

Shi ya sa maƙerin da ya zaɓi ƙarfe mai laushi don mashin ya lanƙwashe a gaban 'yan kallo, ya riga ya yanke hukunci a gardamar, kuma yaran makaranta za su koma gida da abin da suka gani a matsayin tarihi.

Ga kuma batun rai. Mashi na sosai kisa yake yi, don haka allon katako ko garkuwar da ba kowa a bayanta ake jefa wa. In za a yi wasan arangama da mutane, sai a ɗauko masu kan roba ko waɗanda aka dakushe tsininsu.